Sayen gurbin gaba a zaɓen 'yan wasan NHL: wa ke cin riba?

Wani ɗan'uwa da ya fara bin wasan hokin ƙanƙara bayan ya koma Kanada da zama ya aiko da wannan tambaya: "A ranar zaɓen sabbin 'yan wasa na NHL na ga ƙungiya ta ba da gurabenta biyu, wani lokaci har uku, don kawai ta matsa gaba a layi da 'yan matakai. Magoya bayanta suna ta murna. Ni kuwa gani na yi kamar an ba da biyu an karɓi ɗaya. Wa ke cin riba a irin wannan ciniki?"

Ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba. A mafi yawan lokuta wanda ya ja da baya ya karɓi gurabe biyu shi ne ya fi dacewa. Amma akwai lokutan da matsawa gaba ke canza tarihin ƙungiya ɗungurungum, kuma ana iya gane irin waɗannan lokutan tun kafin a ga sakamako. Sai dai kafin mu kai can, dole mu san mene ne ake saya da sayarwa.

Gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, tana da ƙungiyoyi 32, kuma kowace shekara a ƙarshen watan Yuni ko farkon Yuli suna zaɓar matasan da suka kai shekara 18. Zagaye bakwai ake yi tun 2005, kowace ƙungiya da gurbi ɗaya a kowane zagaye, wato wajen gurabe 224. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke fara zaɓa, sai dai gurabe biyu na farko ana raba su ne ta hanyar ƙuri'a tsakanin waɗanda ba su kai wasannin neman kofi ba. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai zai ga abin baƙo, domin a can mai kuɗi ke sayen yaron da yake so. A nan kuɗi ba sa saya maka yaro. Gurbi ke saya, kuma gurbin nan kadara ce da ake musayarta kamar kowace haja.

Abin da ya ƙara wa gurbi daraja shi ne iyakar albashi. Tun kakar 2005-06 aka ƙayyade jimillar kuɗin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta, an fara da dala miliyan 39, a kakar 2024-25 ya kai miliyan 88. Yaron da aka zaɓa yana shiga da kwantiragin farko na shekara uku, ainihin albashinsa bai wuce kimanin dala miliyan 1 ba, ban da ladan ƙwazo. Tauraro babba kuwa yana cin miliyan 10 ko fiye. Saboda haka ƙungiyar da ta samu matashi yana yi mata aikin manya a kan albashin yara ta samu sararin sayen wasu. Kuma ba ya samun 'yancin tafiya inda yake so sai ya kai shekara 27 ko ya yi kaka bakwai. Kusan duk ƙungiyar da ta ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, a wannan zamani tana da irin waɗannan yaran a cikinta.

Yanzu ga jigon maganar. Darajar gurabe ba ta sauka daidai wa daida kamar matakalar bene. Daga gurbi na 1 zuwa na 10 gangara ce mai tsananin tsayi. Daga nan zuwa ƙarshen zagayen farko tana ci gaba da sauka, amma a hankali. Da an shiga zagaye na uku kuwa ƙasa ta kusa zama shimfiɗaɗɗiya, bambancin gurbi na 90 da na 120 ba shi da yawa. Michael Schuckers, malamin ƙididdiga a Jami'ar St. Lawrence da ke jihar New York, ya fitar da jadawalin darajar gurabe a 2011 bisa yawan wasannin da waɗanda aka zaɓa suka buga, kuma wannan siffa ce ta fito. Waɗanda suka biyo bayansa da wasu ma'aunai sun samu lambobi daban, siffar dai ba ta canza ba.

Ma'anar wannan ita ce, inda matsawa gaba ta fi amfani, wato can ƙololuwa, nan ne babu mai sayarwa. Rabon da a sayar da gurbin farko tun 2003. Babu manajan da zai yarda a rubuta a tarihi cewa shi ya saki Sidney Crosby a 2005, ko Connor McDavid a 2015, ko Auston Matthews a 2016. A 2003 ɗin, Pittsburgh ce ta tashi daga na 3 zuwa na 1 ta hanyar ciniki da Florida: ta ba da gurbi na 3 da na 55 da ɗan wasa Mikael Samuelsson, ta karɓi na 1 da na 73, ta ɗauki mai tsaron raga Marc-André Fleury, wanda ya ci kofi uku da ita a 2009 da 2016 da 2017. Shekara ɗaya kafin nan ma Florida ɗin ce ta bar wa Columbus gurbin farko, Columbus ta ɗauki Rick Nash.

Cinikin da har yau nake ganin babu kamarsa shi ne na Vancouver a 1999. Tagwaye ne 'yan Suwidin, Daniel da Henrik Sedin, tun suna ƙanana tare suke wasa, kuma kowa ya san ƙarfinsu yana cikin haɗuwarsu. Vancouver tana da gurbi na 3 kaɗai. Babban manajanta, Brian Burke, ya fara da Chicago: ya ba da mai tsaron baya Bryan McCabe da gurbin zagayen farko na wata shekara mai zuwa, ya karɓi na 4. Ya ɗauki na 4 ɗin ya haɗa da gurabe biyu na zagaye na uku ya kai wa Tampa Bay, ya karɓi na 1. Sannan ya miƙa na 1 ga Atlanta, sabuwar ƙungiya a lokacin, ya karɓi na 2, da fahimtar cewa Atlanta za ta ɗauki Patrik Stefan ta bar tagwayen. Haka ya hau mumbari a Boston da na 2 da na 3 a hannu. Tagwayen sun yi wa Vancouver wasa har 2018, kowannensu ya haura maki 1,000, Henrik ya zama gwarzon gasar a 2010, sun kai ƙungiyar wasan ƙarshe a 2011, kuma an saka su a zauren girmamawa na hoki a 2022. Lura da abu ɗaya: Burke ba ɗan wasa ɗaya ya saya ba. Ya sayi abin da ba za a samu ta wata hanya ba, domin da an raba yaran nan da kowannensu ya ragu. Ga kuma shekarar ta 1999 ba ta da albarkar 'yan wasa, don haka abin da ya bari a baya bai yi masa ciwo ba.

To, wannan Burke ɗin dai, bayan shekara 12, yana manajan Toronto. A zaɓen 2011 yana riƙe da gurbi na 30 da na 39. Ya ga wani ƙaton yaro Ba'amurke mai suna Tyler Biggs, mai ƙarfi, mai son karo, irin 'yan wasan da Burke ya daɗe yana yabo. Ya ba Anaheim guraben biyu, ya karɓi na 22, ya ɗauke shi. Biggs bai buga ko wasa ɗaya a NHL ba. Anaheim kuwa da na 30 ta ɗauki Rickard Rakell, wanda ya ci mata ƙwallo sama da 30 a kaka biyu a jere, da na 39 kuma ta ɗauki John Gibson, wanda ya tsare mata raga shekara da shekaru a matsayin na ɗaya. Garin neman gira an rasa ido. Mutum ɗaya ne, ƙwarewarsa ba ta ragu ba, ƙarfin halinsa ma shi ne dai na 1999. Abin da ya bambanta shi ne wurin da aka yi cinikin. Tsakanin na 22 da na 30 ƙasa ta riga ta fara kwanciya, yaron da ke nan da wanda ke can kusan ajinsu ɗaya. Shi kuwa na 39 da aka ba da gyara, ba gyara ba ne, gurbi ne mai daraja kusa da na 30 ɗin.

Irin wannan ya sha faruwa. A 2013 San Jose ta ba Detroit na 20 da na 58 don ta hau na 18, mataki biyu kacal, ta ɗauki Mirco Mueller. Detroit ta kwashi Anthony Mantha da Tyler Bertuzzi, dukansu suka zama 'yan gaba masu cin ƙwallo. A 2008 Toronto ta biya gurabe biyu ƙari don ta tashi daga na 7 zuwa na 5 ta ɗauki Luke Schenn. New York Islanders da ta sayar mata ta sake ja da baya zuwa na 9, ta tara gurabe, ta ɗauki Josh Bailey wanda ya yi mata wasa sama da 1,000. Schenn ya daɗe a gasar, ba a ce ya lalace ba, amma bai zama abin da aka biya dominsa ba. A 2021 kuma Detroit ce ta koma mai saye: ta ba Dallas na 23 da na 48 da na 138, ta hau na 15 ta ɗauki dogon mai tsaron raga Sebastian Cossa. Dallas ta tsaya a na 23 ta ɗauki Wyatt Johnston, yaron da annobar korona ta hana shi buga kakar matasa ta Ontario gaba ɗaya, shi ya sa mutane da yawa ba su gan shi sosai ba. Yana ɗan shekara 19 ya ci ƙwallo 24 a NHL, kaka ta gaba ya ci 32, alhali Cossa yana can ƙungiyar reno a Grand Rapids yana koyon aiki. Adalci shi ne a ce masu tsaron raga suna jinkirin nuna, kuma labarin Cossa bai ƙare ba. Amma shekarun da Dallas ta mori Johnston a kan albashin yara sun riga sun shiga aljihunta.

Me ya sa haka ke yawan faruwa ga mutanen da aikinsu ke nan, masu ma'aikata birjik da ke yawo daga Saskatchewan zuwa Finlan suna kallon yara? Saboda cinikin biri a sama ne. A ƙwallon Amurka ana zaɓar waɗanda suka yi aƙalla shekara uku bayan sakandare, jikinsu ya cika, yawancinsu su shiga fili nan take. A hoki kuwa yaro ne ɗan 17 ko 18, wani bai gama tsawo ba, wani bai taɓa karawa da manya ba. 'Yan ƙalilan ne ke shiga NHL a shekarar da aka zaɓe su, sauran suna komawa gasar matasa ta Kanada, ko jami'o'in Amurka, ko ƙungiyoyinsu na Turai, a jira su shekara uku zuwa biyar. A wannan tsakanin akwai rauni, akwai koci nagari ko akasinsa, akwai halin yaron kansa da ba a gani daga kujerar 'yan kallo. Shi ya sa Nicklas Lidström ya fito a na 53 a 1989, Pavel Datsyuk a na 171 a 1998, Henrik Lundqvist a na 205 a 2000, Nikita Kucherov a na 58 a 2011. Kowace ƙungiya ta tsallake waɗannan mutane, wasu sau biyar ko shida. A ɗaya gefen kuma Alexandre Daigle a 1993 da Nail Yakupov a 2012 su ne na farko a shekarunsu, kuma ba su kai inda aka zata ba.

Don haka idan manaja ya biya gurbi ƙari don ya matsa gaba, abin da yake cewa shi ne: na tabbata wannan yaron ya fi wanda zan samu idan na tsaya, kuma fifikon ya kai darajar wani yaron daban da na haƙura da shi. Wannan babbar magana ce a sana'ar da kowa ke kuskure fiye da yadda yake dacewa. Wanda ya san idonsa na iya yaudararsa, gara ya jefa ƙugiya biyu a ruwa.

Duk da haka ba na cikin masu cewa kada a taɓa matsawa gaba. Masu duba 'yan wasa ba sa jera yara ɗaya bayan ɗaya kawai, suna kasa su aji-aji. Za ka ji an ce bana akwai uku a ajin farko, tara a na biyu, sai wani babban rukuni na kusan 25 da ba su da wani bambanci. Matsawa a cikin aji ɗaya asara ce tsantsa, ka biya kuɗi ka sayi abin da da ma zai zo maka. Tsallakawa daga wani aji zuwa na sama da shi kuwa wani abu ne daban. Damar takan zo ne idan yaron ajin sama ya zame ƙasa saboda wani dalili da bai shafi iya wasansa ba, galibi ƙanƙantar jiki.

Zach Parise ke nan a 2003. Ya yi fice a Jami'ar North Dakota, amma ana ganin gajere ne, sai ƙungiyoyi suka yi ta wuce shi. Lou Lamoriello, manajan New Jersey a lokacin, yana na 22, ya ba Edmonton na 68 ƙari, ya hau na 17 ya ɗauke shi. Parise ya ci ƙwallo 45 a kakar 2008-09, ya zama kyaftin. Marc-Antoine Pouliot da Edmonton ta ɗauka a na 22 bai kai wasa 200 ba. Haka Erik Karlsson a 2008: siririn yaro ɗan Suwidin mai tsaron baya, Ottawa tana na 18, ta ba Nashville gurbin zagaye na uku na shekara mai zuwa, ta hau na 15. Karlsson ya lashe kyautar Norris ta gwanin masu tsaron baya sau uku, biyu daga ciki a Ottawa. Chet Pickard da Nashville ta ɗauka a na 18 bai buga NHL ba. Wanda ya fi burge ni kuma shi ne na 2014. Tampa Bay tana na 80, Minnesota tana na 79. Steve Yzerman, manajan Tampa Bay a lokacin, wanda shi ne daga baya ya yi cinikin Cossa a Detroit, ya ba da gurbin zagaye na bakwai don ya matsa mataki ɗaya tak, ya ɗauki Brayden Point, ƙaramin yaro daga ƙungiyar matasa ta Moose Jaw da ake shakkar gudunsa a kan ƙanƙara. Point yana cikin ginshiƙan da suka ci wa Tampa kofi a 2020 da 2021, ya kuma ci ƙwallo 51 a kakar 2022-23.

Dubi abin da aka biya a waɗannan ukun: na 68, gurbin zagaye na uku, gurbin zagaye na bakwai. Duk daga shimfiɗaɗɗen wuri aka ɗebo su, inda mafi yawan waɗanda ake zaɓa ba sa zama a NHL. Sannan dubi abin da aka biya a cinikin Biggs da na Mueller da na Cossa: na 39, na 58, na 48. Zagaye na biyu ke nan, inda har yanzu ake samun irin su Patrice Bergeron, na 45 a 2003, da Shea Weber, na 49 a wannan shekarar. A ganina nan ne layin yake. Gurbin zagaye na uku zuwa ƙasa kuɗin cefane ne, ana iya kashe shi idan an ga abin so. Gurbin zagaye na biyu jari ne.

Mai bin wasan da kyau zai ce mini, to ina Corey Perry? Gaskiyarsa. A 2003 Anaheim ta ba Dallas gurabe biyu na zagaye na biyu, na 36 da na 54, ta karɓi na 28, ta ɗauki Perry, wanda ya ci kofi da ita a 2007, ya ci ƙwallo 50 ya zama gwarzon gasar a 2011. A 2015 ma Philadelphia ta ba Toronto na 29 da na 61 ta hau na 24 ta ɗauki Travis Konecny, kuma ita ta ci riba ƙarara. Ba zan ɓoye waɗannan ba. Abin da zan ce shi ne 2003 da 2015 suna cikin shekarun da suka fi kowanne albarka, ajin sama ya miƙe har ƙarshen zagayen farko, don haka tsallake aji aka yi, ba yawo a cikinsa ba. Kuma mu yi hattara da yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Cinikin da ya haifar da tauraro ana ba da labarinsa shekara 20. Wanda aka ba da biyu aka karɓi ɗaya, dukan yaran uku suka ɓace, babu mai tuna shi, alhali irinsa ya fi yawa.

Akwai wani dalili na gaskiya da ke sa matsawa gaba ta yi ma'ana, wanda masu lissafi kan manta. Ƙungiya ba za ta riƙe kwantiragi sama da 50 a lokaci ɗaya ba, kuma 'yan wasa 23 kaɗai ke cikin babbar tawaga. Ƙungiyar da ta yi shekara uku tana sayar da manyanta tana tara gurabe za ta wayi gari da yara fiye da wuraren da za ta ajiye su. A wurinta, idan ta riga ta tara gurabe 11 a shekara ɗaya, ƙarin na 12 ba shi da darajar da yake da ita a wurin ƙungiyar da rumbunta ya bushe. Irin wannan ta haɗa uku ta sayi ɗaya mai kyau, daidai ne. Ita kuwa wadda ta daɗe tana sayar da gurabenta don neman kofi, ja da baya ya fi mata.

Sauran dalilan na ɗan Adam ne. Mai duba 'yan wasa ya yi shekara biyu yana bin yaro cikin sanyi, ya zauna da iyayensa, ya san kocinsa, ya ƙaunace shi. A teburin zaɓe, mintuna na tafiya, yana gaya wa manaja cewa idan aka rasa wannan an yi asarar shekara. Manajan kuma ya san wa'adinsa ba lallai ya kai ranar da yaron na 48 zai girma ba, ga 'yan jarida da magoya baya suna son ganin an motsa. Ja da baya ba ya sa kowa tafi a zaure. Shi ya sa farashin matsawa gaba kan zarce ƙimarsa: masu son saye sun fi masu son sayarwa zumuɗi.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan ka sake ganin irin wannan ciniki, kada ka tsaya a kan sunan yaron da aka kira. Duba lambar gurbin da aka ba da ƙari, ko ta zagaye na biyu ce ko ta ƙasa da haka. Duba ko yaron ya zame ne daga inda yawancin masu sharhi suka sa shi, ko kuwa ƙungiyar ce ta miƙa hannu ta jawo shi sama da wurinsa saboda girman jiki ko saboda tana buƙatar mai buga wannan matsayi a yau, alhali shi sai bayan shekara huɗu zai iso. Idan mai tsaron raga ne a zagayen farko, ƙara yin taka-tsantsan, domin su ne suka fi wuyar hasashe, kuma manyansu da yawa daga baya aka samo su: Lundqvist a zagaye na bakwai, Connor Hellebuyck a na biyar a 2012, Igor Shesterkin a na huɗu a 2014. Sannan ka rubuta sunayen yaran da ɗaya ƙungiyar ta ɗauka da guraben da aka ba ta, ka ajiye takardar, ka buɗe ta bayan kaka biyar.